Sabon Solinoyid ɗin Silo na Kafiretar Solex 34 PICT-3: Yana Aiki, Amma Sai An Auna Shi

Mai tsohuwar Volkswagen Beetle mai injin 1600 ba ya buƙatar a kwatanta masa wannan ciwo. Da safe mota ta tashi lafiya lau, bayan 'yan mintuna ta mutu. A sake tayarwa, ta riƙe muddin ƙafa na kan totur, ana ɗaga ƙafa ta yi shiru. A buɗaɗɗen titi tana gudu kamar babu abin da ya same ta, sai an zo shataletale ko danja take kunyata direba. Wanda ake fara zargi shi ne solinoyid ɗin silo, wato 'yar na'urar lantarki da ke buɗe wa mai hanya lokacin da inji ke juyi ba a taka totur ba, kuma sau da yawa zargin kan tabbata. Abin da muke dubawa a nan shi ne sabon solinoyid mai wuta 12V da ake sayarwa a leda ko farin kwali ba sunan kamfani, wanda ake cewa ya maye gurbin lamba 049 129 412 C na kafiretar Solex 34 PICT-3.

Hukuncinmu a taƙaice: yana aiki, kuɗinsa ba komai ba ne idan aka kwatanta da na sabuwar kafireta, amma ba kayan da za a ɗaura ido rufe ba ne. Ingancinsa bai tsaya wuri ɗaya ba. Biyu da suka fito daga shago ɗaya suna iya bambanta a tsawon tsinke da ƙarfin ja, don haka aikin da ya kamata masana'anta ta yi na tantancewa ya dawo kan bakanike.

Sai an san abin da na'urar ke yi kafin a iya yi mata hukunci. A cikin gwangwaninta akwai naɗaɗɗiyar waya, da tsinke mai kai a gaba, da sifirin da ke tura tsinken waje. Idan aka murɗa makulli, wuta ta shiga wayar, maganaɗisu ya ja tsinken baya, hanyar silo ta buɗe. Idan aka kashe makulli, sifirin ya mayar da tsinken ya toshe hanyar kamar yadda ake toshe bakin gora. A kafiretar 34 PICT-3 farantin totur kusan a rufe yake ruf lokacin silo, kuma yawancin iska da man da inji ke sha a lokacin ta wata hanyar gefe suke bi. Wannan hanyar ce solinoyid ke tsaro. Shi ya sa idan ya mutu a rufe mota ba ta silo sam. Dalilin da ya sa take tashi da safe kuwa shi ne cok: muddin inji na da sanyi, matakalar cok tana riƙe farantin totur a ɗan buɗe, iska da mai na wucewa ta babbar hanya. Da zarar wayar ɗumama cok ta yi zafi matakalar ta sauka, faranti ya rufe, mota ta koma dogaro da hanyar da ke toshe.

An sa shi ne don hana inji ci gaba da tari da jijjiga bayan an kashe makulli. Injin Beetle iska ce ke sanyaya shi, kan silinda yana yin zafi sosai, kuma baƙin da ya taru a saman fistin ko bakin fulogi yakan yi ja har ya kunna mai ba tare da tartsatsin wuta ba. Muddin mai na zuwa inji zai ci gaba da bugawa ba tsari, wani lokaci har ya ɗan juya da baya. Wannan duka ce ga biyarin, ba abin wasa ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu mota yana faruwa ne tun a shago, domin solinoyid ɗin Beetle iri biyu ne. A tsofaffin kafiretoci irin 30 PICT-2, solinoyid da jet ɗin silo abu ɗaya ne: yana gefen dama, siriri ne, kuma an buga girman jet a jikinsa, kamar g55. A 34 PICT-3, wadda ta zo da injin 1600 mai bakin shiga biyu daga 1971, solinoyid yana gefen hagu idan mutum ya tsaya a bayan mota yana fuskantar inji, gefe ɗaya da sukurorin saiti biyu, babba da ƙarami, kuma jet ɗin silo daban yake a gefen dama. Ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Sannan akwai batun wuta: tsofaffin Beetle 6V ne, yawancinsu sun koma 12V ne daga wajajen 1967 zuwa 1968. Na 6V a motar 12V zai ƙone, na 12V a motar 6V ba zai ja ba. Motocin da ke hannun mutane a Najeriya, har da waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Volkswagen ta Legas daga 1975, an sha canza musu inji da kafireta a tsawon shekaru, ga kuma kafiretocin Brosol na Brazil da Bocar na Meziko da ke yawo. Saboda haka shekarar mota ba hujja ba ce. A karanta sunan da ke jikin kwanon man kafireta, sannan a tafi shago da tsohon solinoyid a aljihu.

Kafin a saya ma, a tabbatar tsohon ya mutu. A murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da an tayar da inji ba, a zare wayar solinoyid, a taɓa ta a ƙafarsa, wato ɗan ƙarfen da wayar ke shiga, a ɗaga. Kowace taɓawa ya kamata a ji ƙas. Kada a daɗe a wannan gwaji, domin idan kwantak na rufe, koyil zai yi zafi kwantak ɗin ya ƙone. Minti ɗaya ya wadatar. Idan ba a ji komai ba, kada a yi saurin yanke hukunci. A sa fitilar gwaji ko mita a bakin wayar. Baƙar waya ce da ke fitowa daga ƙafar koyil mai lamba 15, wadda kuma ke ciyar da cok. Wani lokacin a tarar wani ya haɗa ta a ƙafa mai lamba 1, wadda ke zuwa distirbuta, kuma a haka babu solinoyid ɗin da zai yi aiki daidai. Ya kamata wutar ta yi kusa da ta batir, wanda yake 12.6V idan ya cika. Batirin Beetle yana ƙarƙashin kujerar baya, wutar tana zuwa gaba wurin makulli ta dawo baya wurin inji, kuma kowane tsohon haɗi a wannan doguwar hanya yana cin nasa rabo. Idan aka ga ta ragu da fiye da 1V, a gyara haɗe-haɗen da farko.

Jin ƙas kaɗai bai isa ba. Tsinke yana iya motsi rabin tafiya saboda dandan tsohon fetur da ya bushe a jikinsa, ya yi ƙara amma hanya ba ta buɗe sosai ba. A kwance solinoyid ɗin, a haɗa gwangwaninsa da negatif na batir, a taɓa ƙafarsa da fozitif. A nan akwai wani abu da yake sa a jefar da solinoyid mai rai a bola: irin na 34 PICT-3, idan yana waje, tsinkensa yakan miƙe fiye da yadda yake a cikin kafireta, maganaɗisun ba ya iya kamo shi daga can. Sai an tura shi ciki da yatsa kamar milimita 3 zuwa 4, sannan wuta ta fizge shi. Wanda ya fizga da ƙarfi ya riƙe, aka cire wuta ya dawo nan take, lafiyarsa ƙalau. Wanda yake jan ƙafa, a fesa wa tsinken man wanke kafireta, a riƙa tura shi da yatsa har ya saki. Kada a tsoma gwangwanin cikin fetur, kada kuma a goge kan tsinken da sanfefa, domin shi ne ke zama a kan ramin ya toshe. Mita ma tana taimakawa: tsakanin ƙafa da gwangwani, idan ba ta nuna komai ba wayar ciki ta tsinke, idan ta nuna sifiri ta haɗe. A waɗannan biyun babu gyara, sai sabo.

To, ga sabon a hannu. Abin yabo a gare shi a fili yake. Ana samunsa, ba kamar na asali ba da sai an yi ta tone a kwandunan kayan kwance na kasuwanni irin Ƙofar Ruwa ko Panteka. Wanda aka dace da shi yana buɗewa yana rufewa yadda ya kamata, silo ya dawo daidai, inji ya mutu tsit ana kashe makulli. Ba ya buƙatar a sauya wayar mota ko a taɓa jikin kafireta.

Rauninsa na farko, kuma mafi muni, shi ne tsawon tsinke da girman kansa. A jera sabo da tsoho a kan tebur, kafaɗa da kafaɗa, wato a daidaita wurin da kowannensu ke zama a jikin kafireta, a dubi inda kan kowane tsinke ya tsaya. Idan na sabon ya fi tsawo, ko an ja shi baya ba zai bar isasshiyar hanya ba. Mota za ta yi silo mai rauni, a yi ta kwance babban sukuru har ya kusa fita amma juyi ba ya tashi. Idan ya gaza tsawo, ko kansa ya yi ƙanƙanta, ba zai toshe ramin ba, silo zai yi kyau amma tarin bayan kashe makulli yana nan. Mai dogon tsinken ya fi wahalar da mutane, domin ana jin ƙas, an kuma san sabo ne, sai a cire shi daga zargi a koma kwance kafireta da distirbuta a banza. Bambancin da ido ke iya gani a tebur ya isa a mayar da kaya shago.

Rauninsa na biyu ƙarfin ja ne. Wayar tagulla idan ta yi zafi tana rage wutar da ke ratsa ta, maganaɗisu ya yi laushi. Solinoyid mai kyau an naɗa shi da rara, ko da zafi yana ja. Mai arha wani lokaci daidai wa daida yake: da sanyi a shago yana ƙas mai daɗi, amma a ɗakin injin Beetle da tsakar ranar bazara, ga wutar da ta ragu a tsofaffin wayoyi, sai ya kasa. Alamarsa ita ce mota ta yi silo lafiya, a tsaya shan mai a kashe, a tayar ta ƙi silo, bayan ta huce ta dawo daidai. Ana iya kama wannan tun a benci. A bar shi haɗe da batir minti 10 har ya yi ɗumi, a cire wuta a mayar sau da yawa ana ɗan tura tsinken, a ji ko ƙarfin fizgar ya ragu. Mai shagon da ya yarda a yi wannan gwaji a gabansa shi ne wanda ya kamata a riƙa komawa wurinsa.

Ƙafar da waya ke shiga ita ma abin dubawa ce. A yawancin na kasuwa ƙarfen siriri ne, kuma ɗaurinsa a jikin robar baya ba shi da ƙwari. A kama ta da yatsu a ɗan girgiza. Idan tana lilo ko tana juyawa, a ajiye. Jijjigar inji za ta ƙarasa ta, wayar ciki ta tsinke a daidai gindinta, a samu motar da ke mutuwa yau ta warke gobe. Wannan wuri yana da haɗarin da ya wuce silo. A yawancin waɗannan motoci babu fis tsakanin makulli da ƙafa 15 ta koyil. Idan wayar solinoyid ta zame ta taɓa ƙarfe, inji zai mutu nan take, waya ta fara narkewa, a ɗakin da tiyon fetur yake. A sa sabon kan waya mai rigar roba, a matse shi ya kama tam, a kuma ɗaure wayar don kada nauyinta ya rataya a ƙafar. Tunda an buɗe wurin, a duba tiyon mai da bututun tagulla da yake shiga kafireta. Wannan bututun yakan saki ya zame, kuma yana cikin sanannun dalilan gobarar Beetle.

Tiredi kuwa, na wasu sababbin yakan zo da kaushi. Jikin kafireta ƙarfe ne mai laushi, solinoyid ya fi shi tauri, don haka idan aka yi gardama kafireta ce ke asara. A fara ɗaurawa da yatsu kawai. Ya kamata ya tafi sumul har ya zauna. Idan ya cije bayan juyi ɗaya ko biyu, a dawo da shi, a duba, kada a sa masa sufana. Bayan ya zauna, ɗan matsi kaɗan da sufana a kan kafaɗarsa mai kusurwa shida ya isa. Kada a taɓa kama gwangwanin da filaya a murɗa, domin zai juya a kan gindinsa wayar ciki ta tsinke. Idan tsohon ya fito da washa a mayar da ita. Kafin a saka, a fesa man wanki a ramin a bi shi da iska.

Solinoyid mai lilo a raminsa yana jawo matsala biyu lokaci ɗaya: iska na shiga ta gefen tiredi ta tsinka cakuɗin mai, kuma wutar da ke komawa ta jikin kafireta tana yankewa tana dawowa. Wannan na biyun ne ya sa farin tef ɗin masu famfo bai dace a nan ba. Zai toshe iska amma yana iya raba ƙarfe da ƙarfe, solinoyid ya rasa hanyar komawar wuta. Idan tiredin ya ɗan saki ne kawai, ɗigo ɗaya na man kulle noti mai matsakaicin ƙarfi a zagaye biyun waje ya isa, a bar sauran tsirara, sannan a sake gwajin ƙas. Idan ya cinye gaba ɗaya, aikin mai injin yankan ƙarfe ne, ko a nemi wani jikin kafireta.

Ba a gama aiki da ɗaura sabo ba, domin kusan kullum kafin mota ta iso an riga an murɗa sukurori don a tilasta mata silo. Wanda aka fi taɓawa shi ne sukurun da ke hannun totur, mai zama a kan matakalar cok. A 34 PICT-3 wannan ba sukurun silo ba ne. Idan aka ɗaura shi ciki, farantin totur ya buɗe, mai ya fara zuwa ta ƙananan ramukan da ke bakin faranti, mota ta yi silo ko da solinoyid a mace. Sai dai daga nan ko an sa sabo mai kyau ba zai hana tarin bayan kashe makulli ba, tunda man ba ta hanyarsa yake bi ba, sai a ɗora wa kayan laifin da ba nasa ba.

Ga yadda ake mayar da saiti. A fara da tazarar bawul da sanyi, milimita 0.15. Tazarar kwantak milimita 0.4. Taimin ya danganta da distirbutar da ke kai: mai tiyon iska ɗaya digiri 7.5 kafin fistin ya kai ƙololuwa, tiyo a cire a toshe. Mai tiyo biyu digiri 5 bayan ƙololuwa, tiyo a haɗe. Distirbuta mai lamba 009 marar tiyo kuwa a sa ta tsakanin digiri 28 da 32 kafin ƙololuwa a juyi 3000 zuwa sama. Sannan a ɗumama inji har cok ya buɗe gaba ɗaya. A kwance sukurun hannun totur har ya rabu da matakala, a dawo da shi ya taɓa mataki mafi ƙasa, a ƙara kwatan juyi, a bar shi har abada. Ƙaramin sukurun hagu, na mai, a ɗaura shi a hankali har ya zauna ba matsi, a kwance juyi biyu da rabi. A tayar, a kawo juyin inji 850 a minti da babban sukuru. A kwance ƙaramin sannu a hankali har inji ya kai iyakar saurinsa, a mayar da shi ciki har juyi ya ragu da kamar 20 zuwa 30. A ƙarshe a koma babban a tsayar tsakanin 850 da 900. Gwajin tabbatarwa mai sauƙi ne: inji na silo, a zare wayar solinoyid. Ya kamata ya mutu nan take. Idan ya ci gaba, ko farantin totur na buɗe, ko tsinken bai kai ramin ba, ko iska na sata ta wani wuri.

Akwai dabarar da ta yaɗu a garejoji, ta yanke kan tsinken a mayar da gangar jikin don ta toshe rami. A bakin hanya da dare, mota ta ƙi silo, ba za mu zargi wanda ya yi haka don ya isa gida ba. Amma barin ta a haka gudun gara ne a faɗa gidan zago: silo ya dawo, tarin bayan kashe makulli ya samu ƙofa, kuma idan solinoyid ɗin na asali ne wanda wanki kawai yake buƙata, an lalata abin da ya fi sabon inganci. Wanda ya samu kansa a haka, kafin ya canza, ya riƙa kashe mota a giya, ƙafa a kan birki, ya saki kulochi a hankali daidai lokacin da ya murɗa makulli.

Idan an sa sabo, an auna, an yi saiti, silo bai zauna ba, a sakar wa solinoyid mara. A kwance jet ɗin silo na gefen dama, mai lamba 55 a yawancinsu, a busa shi da iska; raminsa ƙanƙani ne, ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta ishe shi, kuma ba a zura masa waya. A duba robobin nan biyu da suka haɗa tsakiyar manifol, bututun da ke kai cakuɗin mai daga kafireta zuwa inji, da gefunansa, suna tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani. A kama sandar farantin totur a girgiza. Idan tana wasa a raminta, iska na shiga ta nan kuma babu sukurun da zai gyara, sai an sa mata bushi.

Wa ya kamata ya saya? Wanda mita ta nuna masa wayar tsohon ta tsinke, ko ƙafarsa ta karye daga gindi, ko wani ya riga ya yanke masa tsinke. Wanda nasa na asali ne kuma yana fizga bayan wanki, ya mayar da abinsa, ya fi na leda. Wanda ya ga na asali a kayan kwance, aka gwada masa a batir yana ja da ƙarfi, tiredinsa lafiya, ya ɗauka ko da kuɗinsa ya ɗan ɗara. Mai doguwar tafiya da sabo a jikin mota ya ajiye na biyu da aka riga aka auna aka gwada a akwatin kayan aiki, tare da sufanar da ta dace da shi da kan waya guda biyu.